Ruwa Ya Ci Lambunmu a Kasala, Ƙanena Ya Ce Kasuwa Ce Ta Buɗe

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Kasala ne ta ƙasar Sudan, ina aiki a wani sito a nan Jidda. Na daɗe ina tarin kuɗin aure, yanzu sun kai riyal dubu 28. Manya sun riga sun shiga maganar, an tsayar da biki bayan babbar Sallah. To a daminar bana ruwan kogin Gash ya ɓalle ta gefenmu cikin dare. Mun gode Allah ba a rasa rai ba, amma ɗaki biyu sun zube, katanga ta kwanta, rijiyar lambun Baba ta cike da laka, injin ban ruwa ya nutse ya mutu. Su Inna a rumfa suke kwana. Yayana ya ce in turo kuɗin gaba ɗaya a tayar da gidan da jan bulo a inda yake, ko don mutuncinmu a unguwa. Ƙanena kuwa, wanda ya yi karatun tattalin arziki a jami'a kafin yaƙi ya katse shi, ya ce in ba shi ya buɗe shagon siminti da rodi. Wai ko'ina a duniya in masifa ta wuce tattalin arziki tashi yake yi saboda gine-gine, in dubi Japan, in dubi Jiddar da nake zaune, kuma cikin shekara guda zai ninka mini kuɗina. An cire autanmu daga makaranta, yana ɗaukar bulo a wurin masu gashi. Baba dai bai ce uffan ba. Malam, da gaske ne masifa tana ɗaga arzikin ƙasa? Kuma wa zan bi a cikinsu?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina yi muku jaje. Allah Ya mayar da mafi alheri, Ya ba su Baba da Inna juriya.

Ga amsar tun daga farko, sai mu bi ta a hankali. Yayanka za ka bi shi rabin hanya, ƙanenka kuwa kada ka bi shi ko taku ɗaya a maganar siminti. Kuɗin farko da zai bar hannunka na rijiya ne da injin. Daga nan a mayar da auta aji, sannan a yi wa su Inna ɗaki guda mai ƙwari.

Ƙanenka ba ƙarya ya ƙaga ba. Abin da ya faɗa ana ganinsa a alƙaluma, kuma akwai masanan da suka taɓa rubuta shi. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da alƙaluman suke ƙirgawa. In ka ji an ce tattalin arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi kaza cikin ɗari, ana nufin jimillar kayan da aka samar da ayyukan da aka yi a cikin wannan shekarar, abin da ake kira ma'aunin GDP. Wannan lissafi ba shi da gurbin rubuta abin da ya rushe. Ɗakunanku biyu an gina su tun shekarun baya, an ƙirga su a wancan lokaci, zubewarsu bana ba za ta rage ko sisi a littafin ba. Amma ranar da ka biya mai bulo, ka biya magini, ka biya mai karon da ya kawo yashi, duk za su shiga a matsayin aikin da ƙasa ta yi bana. A takarda Sudan ta ƙaru da kuɗinka. A gidanku kuwa kun dawo daidai inda kuke kafin ruwa, ɗaki biyu da katanga, sai dai kuɗin aure sun tafi. Kuma da ruwan bai zo ba, ai kuɗin nan ba a ƙarƙashin katifa za su dawwama ba. Kafinta zai ci, tela zai ci, mai akwatuna da mai raguna za su ci, ga ɗakunan kuma suna tsaye. Su waɗannan da suka rasa ciniki ba wanda ke zuwa ɗaukar hotonsu, shi ya sa ake mantawa da su. Wani Bafaranshe mai suna Frédéric Bastiat ya yi wannan bayani tun 1850 da labarin yaron da ya fasa gilashin taga: kowa yana ganin kuɗin da mai gyaran taga ya samu, ba mai ganin takalmin da mai gidan ya fasa saya. Ina kyautata zaton an koya wa ƙanenka wannan tun a shekarar farko, zumuɗi ne ya sa ya tsallake shafin.

Dubi Haiti. Girgizar ƙasar da ta afka mata a Janairun 2010, gwamnatinta ta ce ta kashe mutum fiye da dubu 200. An ƙiyasta ɓarnar a kan dala biliyan 7.8, wato kusan kashi 120 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A wannan shekarar tattalin arzikinta ya ragu da kimanin kashi 5, a 2011 kuma ya ƙaru da kimanin kashi 5. Wanda ya kalli 2011 ita kaɗai zai ce ga bunƙasa ta zo, alhali a lokacin dubban ɗaruruwan mutane a tanti suke kwana. Bayan mako shida da ta Haiti, wata girgizar da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba ta sauka a Chile. Mutum ɗari biyar da wani abu suka rasu. Ɓarnar ta kai dala biliyan 30, kusan ninki huɗu na ta Haiti, amma ba ta kai kashi 20 cikin ɗari na abin da Chile ke samarwa a shekara ba. Chile tana da dokar gini da ake bi, tana da ajiyar da ta tara daga kuɗin tagulla, kamfanonin inshora kuma suka biya wani kaso mai tsoka. Ta gyara ta wuce.

Ka ga yadda abin yake tafiya. In ƙasa ta yi arziki, asararta a kuɗi takan fi yawa, don tana da abin da zai lalace: gadoji, masana'antu, motoci, gidajen bene. Amma in aka gwada da ƙarfinta sai asarar ta zama ƙarama, kuma rayukan da ake rasawa su ragu. Guguwar Katrina ta 2005 ta yi wa Amurka ɓarnar kimanin dala biliyan 125, abin bai wuce kashi 1 cikin ɗari na samunta na shekara ba. Guguwar Maria ta 2017 ta yi wa ɗan tsibirin Dominika ɓarnar da ba ta kai dala biliyan 2 ba, amma ta ninka samunsa na shekara fiye da sau biyu. Saboda haka in ka ga ƙasa mai arziki ta miƙe bayan masifa, arzikin da take da shi tun kafin nan ne ya ɗaga ta.

Japan ɗin da ya ambata ma ba ta ba shi gaskiya ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar girgiza da igiyar teku ta 2011 za ta iya kai dala biliyan 235. An sake gini, ba shakka. Amma daga 2013 gwamnati ta ɗora ƙarin kashi 2.1 cikin ɗari a kan harajin kuɗin shigar mutane, na tsawon shekara 25, don biyan wannan gini. Har yau ma'aikacin Japan yana biya. Labarin da na fi so ka riƙe shi ne na tashar jiragen ruwan Kobe. Kafin girgizar 1995 tana cikin manyan tashoshin kwantena shida na duniya. An gyara ta tsaf cikin kimanin shekara biyu, sai dai kafin ta gama gyara masu jirage sun koma wasu tashoshin irin su Busan ta Koriya, sun saba da can, kuma Kobe ba ta sake komawa matsayinta ba. Gini yana dawowa da sauri in akwai kuɗi, abokin ciniki in ya canza hanya da wuya ya juyo.

Jidda kuwa kai shaida ne, ko ba ka iso ba lokacin ka ji labari. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta zo daidai da 8 ga Zulhijja alhazai suna tafiya Mina, ruwa ya gangaro daga kwaruruwan gabas ya shafe Guwaiza da unguwannin da ke kewayenta. Fiye da mutum 120 suka rasu, motoci dubbai suka lalace, kuma mafi yawan waɗanda abin ya fi ci masu ƙaramin ƙarfi ne da suka yi gini a kan hanyar ruwa. Sarki Abdullahi ya ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya, aka kafa kwamitin bincike, daga baya aka gina madatsai da manyan magudanai. A ranar 24 ga Nuwamban 2022 an auna milimita 179 a kudancin birnin cikin 'yan sa'o'i, ruwan da ya fi na 2009, tituna suka cika, amma mutum biyu aka ba da rahoton rasuwarsu. Wannan aiki ya yi amfani. Sai dai ka tambayi ƙanenka, da kuɗin wa aka yi shi? Da kuɗin man fetur da ke ajiye a baitulmali. Ambaliyar ba ta haifi riyal ko ɗaya ba, ta dai tilasta an kashe abin da ake da shi a inda ya kamata a kashe tun da farko.

Kada in zalunce shi, akwai wurin da yake da gaskiya, kuma wurin ya shafe ku. Wasu masu bincike na Bankin Duniya da suka bi alƙaluman ƙasashe masu yawa sun gano cewa ambaliya matsakaiciya takan ƙara wa noma albarka a ƙasashe masu tasowa, fari kuwa rage shi yake yi, kuma masifa mai tsanani ba ta taɓa fitowa da riba. Ɗan Kasala ba ya buƙatar a karanta masa wannan. Gash ɗin da ya gangaro daga tsaunukan Eritiriya ya rushe muku katanga, shi ne yake cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin lambuna ke sha duk shekara, shi ne yake shimfiɗa lakar da ke sa albasa da ayabar Kasala suka yi suna. In akwai ribar da wannan ruwa ya bari, a cikin ƙasar lambun Baba take kwance. A ɗaya gefen kuma, wasu masana biyu a Amurka, Solomon Hsiang da Amir Jina, sun bi sawun guguwar teku kimanin 6,700 daga 1950 zuwa 2008, suka tarar ƙasar da babbar guguwa ta buga takan kai shekara ashirin samun mutanenta yana ƙasa da inda zai kai da ba ta zo ba. Ba faɗuwa ake yi rana ɗaya kowa ya gani ba. Tafiyar ce take raguwa kaɗan-kaɗan, don kuɗin makaranta da asibiti da sabuwar masana'anta sun tafi wajen cike gurbi.

To mu dawo gida. Sudan ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba. A Agustan 1988 ruwan da ya sauka a Khartum cikin dare guda ya haura milimita 200, fiye da abin da birnin ya saba samu a shekara, mutum fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. A 2020 kogin Nilu ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba cikin kusan shekara ɗari, gidaje fiye da dubu 100 suka rushe ko suka lalace, aka ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce abin ya shafi mutum fiye da dubu 800. A watan Satumbar wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin ɗari. Wa ya ga bunƙasa bayan nan? Lokacin ma ba a fara yaƙi ba. Tun daga Afrilun 2023 kuwa baitulmali yaƙi ne ke cin sa, ga madatsar Arba'at da ke shayar da Fot Sudan ta ɓalle a Agustan 2024. Ba wata taskar gwamnati ko kamfanin inshora da zai zubo kuɗin gini a unguwarku. Taskar unguwarku ita ce irinku da ke Jidda da Riyad da Madina kuna turo ɗan abin da ya samu.

Shi ya sa shagon siminti bai kwanta mini ba. Faɗuwar wani tashin wani, haka ne, amma wa ke tashi? Wanda sitonsa ke cike tun kafin damina, wanda yake da motar da ke ɗauko masa kaya daga Atbara, wanda yake saye da dala. Ƙanenka zai shigo bayan farashi ya riga ya hau, ya sayi buhu ɗai-ɗai a hannun waɗannan manyan. Su wa za su saya a wurinsa? Maƙwabta da dangi waɗanda ruwa ya cinye abin hannunsu. Buƙata suna da ita, kuɗi ne babu. Yawancinsu da laka da kara za su sake tayar da ɗaki, wanda ya zo neman siminti kuwa bashi zai nema, kuma ina so in ga yaron da zai kalli kawunsa da ke kwana a fili ya ce masa ba ya ba da bashi. Ko an biya shi bayan wata uku, da fam, kuɗin Sudan, za a biya shi. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600, cikin 2024 ta haura 2,000. Kuɗin buhu goma a yau ba lallai ya sayi buhu takwas ranar da bashin ya fito ba. Haka jari ke narkewa mai shi yana ganin kamar ciniki yake yi. Kai kuma kana nan Jidda, ba ka ganin shagon sai a waya.

Lambun fa? A duk abin da ka lissafa mini, shi kaɗai ne yake haifar da kuɗi. Ɗaki ana kwana a cikinsa, ba ya sayo wa kowa buhun dawa. Kuma lambu ba ya jira. Ayabar da ta tsira daga ruwa in ta yi makonni ba ban ruwa za ta bi sauran, sabuwa kuwa sai ta kusa shekara kafin ta ba da nono. Bishiyar lemo in ta bushe, shekaru za a yi. Lokacin dashen albasa in ya wuce ya wuce sai baɗi. Dillalan da suka saba ɗaukar kayan Baba ba za su zauna jiransa ba, wani lambun za su kama, irin abin da ya samu Kobe. Alhali Kasala yanzu cike take da mutanen da yaƙi ya koro, kowa kuma sai ya ci miya. Lalo da kuɓewa cikin wata biyu an fara tsinka, kuɗinsu a hannu ne kullum safiya. In rijiya ta tashi, gidan zai koma ciyar da kansa, kai kuma ka huta da turo kuɗin cefane, wanda shi ne ramin da zai cinye dubu 28 ɗinka a hankali ba tare da ka ga abin da aka yi da su ba.

Saboda haka a nemo masu yasar rijiya makon nan. A kai injin wurin makaniki biyu daban-daban kafin a yanke cewa ya mutu, don injin da ya sha laka sau da yawa wanki da canjin wasu kaya yake so. In sabo za a saya, a tambayi farashin famfo mai aiki da hasken rana a gwada da kuɗin gas na shekara guda, a ga wanda ya fi. Kowanne aka zaɓa, a ɗaga bakin rijiyar, a yi wa injin dakali mai tsayi. Wannan ɗan ƙarin kuɗi shi ne inshorarku.

Maganar auta ta fi damuna fiye da katanga. Bayan guguwar Mitch ta 1998 masu bincike sun bi gidajen manoma a Honduras, suka ga masu hali sun fara mayar da abin da suka rasa cikin kimanin shekara uku, mafi talauci kuwa sun kasa. A Zimbabwe an bi yaran da farin farkon shekarun 1980 ya same su suna ƙanana, aka tarar sun tashi ba su kai tsawon da ya kamata ba, kuma karatunsu ya gaza. A 2016 Bankin Duniya ya ce bala'o'in nan suna jefa mutum kimanin miliyan 26 cikin talauci duk shekara. Yawancin wannan ba a daren ambaliya yake faruwa ba. A watannin da ke biyo baya ne, lokacin da gida ya sayar da jakin da ke jan karo, ya cinye irin shuka, ya rage kwanon yara, ya ce wa yaro ya ɗan dakata da makaranta zuwa baɗi. Asarar talaka ba ta da nauyi a lissafin ƙasa, ɗaki biyu na laka nawa ne? Amma yaron da ya bar aji yana ɗan shekara goma sha uku zai ɗauki wannan asara har tsufansa, 'ya'yansa ma su gada. Yaran Sudan sun riga sun rasa karatu mai yawa saboda yaƙi. Yaro kuma in ya saba da jin kuɗi a aljihu, aji yakan yi masa ƙunci. Ka tambayi nawa yake kawowa gida a mako, ka ɗauki nauyin wannan daga albashinka har lalo ya fara fita. Na san ba zai kai abin da kake tsoro ba.

Yayanka kuma kada ka raina maganarsa. Shi yake ganin Inna tana kwana a rumfa, shi mutane ke kallo in ya fita masallaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zuba komai a jan bulo, kuma a wurin da ruwa ya riga ya nuna hanyarsa. Mutanen Kasala ba su manta ambaliyar 2003 ba. Gash yana jibge yashi a cikinsa duk shekara, ƙasan kogin yana ƙara tudu, inda ya ɓalle sau ɗaya ba abin mamaki ba ne ya sake. In kuna da fili a kan tudu, ko akwai halin musanya, a yi ɗakin can. In babu, a zaɓi kusurwar gidan da ta fi tsayi, a ɗaga harsashi da dutse da jan bulo har wajen ƙugu, a cike cikin ɗakin ya fi tsakar gida tsayi sosai, sama a ƙarasa da abin da ya sawwaƙa. Ɗaki guda, na su Inna. Katanga a yi ta da zana ko kara tukuna, ba a kanku aka fara ba, rabin unguwar haka take a bana. A kira gayya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abincin 'yan gayya bai kai kuɗin leburori ba. Abin da ba wanda ya ambata a cikinku shi ne masai. In ruwa ya rushe shi, a gyara shi kafin katanga, a sayi gidan sauro ga kowa, a riƙa dafa ruwan sha ko a sa masa magani. Kasala ta sha fama da kwalara a 2024, sauro kuma bayan ambaliya ba sai na faɗa maka ba. Jinyar mutum ɗaya tana iya cinye kuɗin injin.

Yadda za ka tura kuɗin ma dabara ce. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986. Fam kuwa ka san halinsa. Kada ka canza gaba ɗaya ka tura su zauna a asusun wani suna zubar da daraja. Ka bar su a riyal, ka riƙa turawa aiki-aiki: an gama yasa, an turo hoto, sai na injin ya tafi. Wannan ba rashin yarda da 'yan'uwa ba ne, kuma ka faɗa musu haka tun farko. Kuɗi masu yawa in suka sauka a gidan da kowa a unguwa ke cikin buƙata, ba sa kwana uku. Ka kuma ware abin da zai riƙe ka wata biyu ko uku in aiki ya tsaya, kada ka taɓa shi. Kai baƙo ne a ƙasar mutane, zamanka a rataye yake da iƙama da kafil, wato takardar izinin zama da uban gidan da ya tsaya maka, kuma in kai ka faɗi, duk gidan ne ya faɗi.

Sannan a rubuta. Gida da lambu na Baba ne, wata rana gado za su zama, Allah Ya ja kwanansa. Ka yanke tun yanzu: abin da ka sa a ɗakin su Inna kyauta ne, abin da ka sa a injin bashi ne da za a riƙa biya daga amfanin lambu, ko yadda ka ga ya fi. A rubuta, shaidu biyu su sani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na ga gidajen da ambaliya ta bari a tsaye, rigimar wa ya sa nawa ta raba su bayan shekara goma.

Shirun Baba ba rashin ra'ayi ba ne. Dattijo ne da ya san kuɗin aurenka ne, kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ya ce a gyara masa rijiya ba, alhali ya fi ku duka sanin inda abincin gidan ke fitowa. Kada ka tambaye shi a taron waya da su yaya. Ka kira shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, kuma kada ka ce masa me yake so, zai ce duk abin da kuka yi daidai ne. Ka ce, "Baba, in aka yashe rijiyar nan cikin makon nan, me za a fara zubawa?" Za ka ji bakinsa ya buɗe. In ya amince da tsarin, shi zai sanar da yayanka, maganar ta fito daga sama, ba a ce ƙane ya yi wa wa gardama don yana da riyal ba.

Ƙanenka kuma a ba shi aiki, don abin da ke cin sa ba siminti ba ne, zaman banza ne bayan an katse masa karatu. Ya riƙe littafin lambu: abin da aka kashe, abin da aka tsinka, abin da aka sayar. Ya nemo masu gidajen abinci da za su riƙa ɗaukar kaya kai tsaye. In bayan girbi biyu littafin ya nuna riba, a ciro masa ɗan jari daga ribar. Ni da zai ji shawarata, bututu da kayan gyaran injin ban ruwa zai sayar, don masu sayensu mutane ne da ke da amfanin gona a gaba.

Saura aure. Kada ka bari gidan yarinyar su ji labari a bakin wasu. Ka tura manyan da suka kai gaisuwa su koma su faɗi abin da ya faru da abin da ka yanke. Hanya biyu ce: ko a ɗaga ranar zuwa bayan girbin albasa, ko a ɗaura aure a ranar da aka sa, a biya sadaki, a rage lefe da shagali, tarewa ta biyo baya. Ni na fi karkata ga ta biyun, don tana kwantar da hankalin kowa kuma kuɗinta kaɗan ne. In niyyarka ka kawo ta Jidda, ka sa a lissafi cewa tun 2020 ana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ma'aikaci baƙo ya zaunar a ƙarƙashinsa, ban da haya da inshorar lafiya, wato riyal 4,800 a shekara kafin a ɗora tukunya. Ita ma yarinyar ka yi mata bayani da bakinka, da adadin kuɗin da abin da za a yi da su, kafin manya su isa gidansu.